Makonnin da Tsokar Baami Ta Ƙi Saki

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe goma da rabi na safe

A bayan littafin shirya darasi nake rubutu, don shi ne a hannuna. Maami, mahaifiyata, ta kira sau uku ina cikin aji. Da na fito na neme ta, ta ce Baami, mahaifina, ya kasa cin amala jiya da yamma. Ya ƙulla loma, ya kai baki, ta ƙi shiga. Yau ma koko ya sha da cokali.

"Haƙori ne," in ji ta. "Tun bara nake cewa ya je a cire. Mutum ya shekara sittin da bakwai yana tauna ƙashi kamar ɗan saurayi."

Na ce wuyansa fa? Ta ce wai ya kwana a kansa ba daidai ba. Na ce ƙafar fa?

Sai ta ce, "Bimpe, ke kika yi karatu. Ki zo ki gani."

Ina da 'yan aji ɗaya ƙarfe sha ɗaya. Wannan makon muka shiga babin tsoka. Shekara tara ina koyar da shi a makarantar nas ɗin nan, ko daga barci aka tashe ni zan zana shi a allo. Yau ina kallon takardar kamar wani ne ya rubuta.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na gani.

Yana zaune a baranda da kalangunsa a cinya, yana gyara igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ta cikin haƙora. Na ce, "Baami, ku buɗe baki in duba." Ya buɗe iya ƙarfinsa. Yatsana ɗaya da ƙyar ya shiga. Na taɓa muƙamuƙinsa, kamar na taɓa icce. Cikinsa ma haka.

"Asabar muna da biki a Iwo," ya ce. "Ki ba ni abin da zai sake ni kafin Asabar."

Ban kwance bandejin ƙafar ba. Na san ɗaurin.

Talata, 7 ga Mayu, azahar

An kwantar da shi.

Dokita Oyelaran ya zura masa katakon duba maƙogwaro. Maimakon ya yi kakari, sai ya cije katakon ya ƙi saki. Likitan bai ƙara tambayar komai a kan haƙori ba. Ya ce, "Baba, ina ciwon?"

Maami ce ta ba da labari. Ranar Asabar, kwana goma da suka wuce, wajen bikin binne wata tsohuwa, ya taka ƙusa a gindin rumfa. Ya zare ta ya ci gaba da kiɗa.

Likita ya juya ƙafar yana kallon bandejin. "Wanda ya ɗaure wannan ya san aiki. An yi masa allura a lokacin?"

Maami ta dubi ƙasa. Na ce ba a yi ba.

Sista Adunni ce ke riƙe da ɓangaren maza. Ɗalibata ce shekara shida da suka wuce, ni na koya mata wannan ƙullin. Ta kalli bandejin, ta kalle ni, sai ta ce, "Dokita, ɗakin ƙarshe babu kowa."

An yanke wurin an wanke, an yi masa allurai, an sa masa robar abinci ta hanci tun tana iya wucewa. Mun rufe taga da bargo biyu. Adunni ta zuba man gyaɗa a hinjin ƙofa, ta manna takarda: a cire takalmi, a kashe waya, ba magana.

Mutumin da tun yana shekara bakwai bai yi yini ɗaya cikin shiru ba.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na yi darasin. Ban san yadda na yi ba, amma na yi.

Na sa suka sarƙe yatsun hannu biyu. Na ce haka cikin ƙwayar tsoka yake: zare iri biyu a jere, siriri da mai kauri, aktin da mayosin. Zaren ba ya gajarta. Shiga juna suke yi, kamar yatsun nan. Mai kaurin yana da 'yan kawuna, dubbai, suna kama siririn su ja, su saki, su kama gaba, kamar mai jawo guga daga rijiya. Amma in tsoka tana hutawa, wurin kamawar a rufe yake. Sai jijiya ta kawo saƙo, saƙon ya bi fatar ƙwayar ya shiga ciki, rumbun kalsiyam ya buɗe. Kalsiyam ne ke janye murfin. Daga nan sai ja.

Wata a baya ta ce, "Ma, wato duk wannan hidimar ake yi kafin in ɗaga cokali?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Na wuce ofis ban tsaya shan ruwa ba. Ba na son buɗe firjin nan.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ya fara.

Wani ya yar da kwano a baranda. Ƙara ɗaya. Baami ya bankare, daga ƙeya sai diddige ke taɓa katifa, da na so da na zura hannu ta ƙarƙashin bayansa. Na ƙirga daƙiƙa arba'in. Idonsa biyu, yana jin komai. Wannan ne ban taɓa faɗa wa ɗalibai da kyau ba: hankalin mutum ba ya gushewa.

Da ya lafa, leɓɓansa suka tsaya a ja, haƙora a waje. Maami ta raɗa mini, "Kin ga, yana yi mana murmushi."

Na ce e.

Yayana, Boda Niyi, ya iso daga Osogbo da la'asar. Shi ne babba, shi ke riƙe da ƙungiyar makaɗan in Baami ba ya nan. Ya tsaya a ƙofa da takalmi a hannu, ya kasa shiga. A waje ya ce mini, "Ke da kike cikinsu, faɗa mini gaskiya. Mene ne wannan?"

Na faɗa masa sunan. Sarƙewar haƙora, tetanus. Na ce daga ƙusar ne.

"Ƙusa? Ƙusa nawa na taka a rayuwata?"

Juma'a, 10 ga Mayu, safe

Sau goma sha bakwai ya bankare jiya. Adunni tana jan layi a takarda duk lokacin da ya zo.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Sun je Iwo ba shi. Boda Niyi ya dawo da rigar biki a jikinsa, ya zauna a benci yana ta juya hula.

Ya ce ya tambayi 'yan ƙungiya. Wai inda Baami ya taka ƙusar, nan ne Baba Lola da mutanensa suka tsaya suka yi nasu kiɗan kafin namu su shiga. Baba Ayanlola. Shekara arba'in shi da Baami suna gasa, suna zagin juna da kalangu a gaban jama'a, su koma su ci tuwo a kwano ɗaya.

"Tsaye take, Bimpe. Tsininta sama. Ƙusa tana tsayawa da kanta?"

Na ce, "Boda, ku bar wannan maganar. Ƙwayar cutar a ƙasa take, ko'ina akwai ta."

"In ko'ina akwai ta, me ya sa shi kaɗai?"

Akwai amsa. Na ce zan je in ga ko an kawo kokon Baami.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe goma sha biyu

Yau muka yi saki.

Na ce musu mutane suna ɗauka ja ne aiki, saki kuwa kyauta ne. Ba haka ba ne. Kan mayosin ba ya barin aktin sai wani sabon ATP ya hau kansa, wato ɗan man da ƙwayar ke ƙonawa. Kalsiyam ɗin ma ba ya komawa rumbu da kansa, tura shi ake yi, turawar kuma tana cin mai. Sannan can a laka, cikin ƙashin baya, akwai jijiyoyin da aikinsu kawai su ce ya isa. In ka tanƙwara hannu, su ne ke gaya wa tsokar baya ta saki don ta gaba ta ja.

Wata mai tabarau a layin gaba ta ɗaga hannu. "Ma, in waɗancan ba su ce ya isa ba fa?"

Tambaya ce mai kyau. Da bara ce da na yabe ta.

Na ce su karanta shafi na gaba. Na fita na tsaya a bayan ɗakin gwaji, inda mangwaro ke zuba yana ruɓewa, sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Malama Ogunleye, da muke ofis ɗaya, ta tambayi na wa ne ƙaramin kwalin da ke ƙofar firji, ya kai sati biyu. Na ce ban sani ba.

Talata, 14 ga Mayu

Talata ce.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma



Ruwa ya sauko da ƙarfe uku, irin mai duka. Rufin kwano ne. Ba wanda zai iya cire wa sama takalmi. Tashin ciwon ɗaya ya zo, kafin ya lafa wani ya hau kansa, na uku ya kama maƙogwaro. Numfashi ya tsaya. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an yi masa ɗamara da ƙarfe, leɓɓa suka fara baƙi. Adunni ta tura allura ta jijiya, ta ce, "Ma, riƙe jakar iska." Ni da na koya mata, ita ke gaya mini inda zan sa hannu. Na matsa, iska ta ƙi shiga. Na matsa. Na matsa.

Sai ta shiga.

Dokita Oyelaran ya zo a jiƙe. Ya ƙara wani magani a ledar ruwa, ya ce wannan makon ne mai wuya. Zufa tana zuba daga jikin Baami kamar an watsa masa ruwa, bugun zuciya yana hawa yana sauka yadda ya ga dama.

Mun toshe masa kunne da auduga.

Alhamis, 16 ga Mayu, hantsi

Maami ta kawo alala ba wanda ya ci. Muna zaune a benci ta ce, "Naman jikin nasa ne ya lalace?"

Na ce a'a. Naman lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ma yake da ƙarfin ja haka. Dafin ne ya bi jijiya tun daga ƙafa ya hau har laka, ya rufe bakin masu cewa ya isa. Saƙo yana ta zuwa, tsoka tana ta biyayya.

"To allurar da suke ta yi fa?"

Na ce tana kama dafin da bai riga ya shiga ba. Wanda ya shiga ya shiga. Sai dai a riƙe mutum da rai har jijiyoyin su gyara kansu. Sati uku, huɗu, ko fiye.

"Da an yi da wuri fa?"

Ba ni take kallo ba. Ganyen alalar take ninkewa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ashirin da biyu. Mutanen masallacin Baami sun zo bayan Juma'a, matan cocin Maami ma sun zo. Duk a bakin get ɗin asibiti suka yi addu'a, ƙasa-ƙasa.

Asabar, 18 ga Mayu, la'asar

Ina shafa masa ruwa a leɓe na ji. Daga bayan katanga, saitin tagarmu. Kalangu uku, suna kiran kirarin gidanmu, wanda ake yi masa in ya shigo fili.

Ya ji duk da audugar. Na ga yatsunsa sun motsa kafin bayan ya tashi.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi. Na zaga katanga, na fizge sandar kiɗan daga hannun Boda Niyi, na jefa ta cikin kwata.

"Za ka kashe shi! Kai wane irin mutum ne? An ce ba ƙara, ba ka ji?"

Ka na ce masa, ba ku ba. Kai. Tunda aka haife ni ban taɓa ba, shekara bakwai ya ba ni. 'Yan ƙungiyar suka sunkuyar da kai.

Ya ce a hankali, "Kun kulle shi a duhu kamar gawa kwana goma sha biyu. Na ce bari ya ji cewa muna nan."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Baba Lola ya zo. Da ƙafa ya tako daga unguwarsu, da sandarsa, da ledar mangwaro, ga mutumin da ko ruwa ba ya haɗiya.

Boda Niyi ya tare shi a get. Bai kwanta ya gaishe shi ba. A gaban masu acaɓa da masu sayar da abinci ya ce, "Kun zo ku ga ko aikin ya ci?"

Tsohon ya ce, "Niyi, da ni kake?"

"Ku koma. In ya tashi, kwa yi magana. In bai tashi ba, ni da ku ne."

Baba Lola ya dube ni. Ina tsaye, taku uku tsakaninmu. Ya jira. Sai ya ajiye ledar a ƙasa ya juya.

Ina tsaye.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Ban je makaranta ba. Na ce a ba su gwaji.

Na wanke bargo. Na sake wanke shi. Na je kasuwar Takie na dawo ban sayi abin da na je saya ba.

Litinin, magariba

Maami tana tsefe kai a baranda ta ce, kamar da kanta take magana, "Ranar sunanki babanki zazzaɓi yake yi. Lola ne ya yi kiɗan, tun safe har rana ta faɗi."



"Ni ban faɗa wa kowa ba," ta ce. "Ba kuma zan faɗa ba. Ba bakina ne ya yi alkawarin ba."

Ta ce gobe da hantsi Niyi zai kai ƙarar Baba Lola gaban shugaban makaɗa. Yana so a sa shi rantsuwa a kan kalangu, a gaban kowa. Ko ya rantse ko bai rantse ba, wa zai ƙara gayyatar mai dasa ƙusa bikinsa?

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Na biya ofis na ɗauki kwalin. Na hau acaɓa. Sun kai mutum talatin a tsakar gidan shugaba, Baba Lola a kan kujera a tsakiya, hularsa a gwiwa. Mata ba sa magana a wannan zama. Na durƙusa a bakin tabarma na ƙi tashi, har shugaban ya ce, "'Yar Ayanbode, me ke tafe da ke?"

Na ce, washegarin da ya taka ƙusar, ranar Lahadi, na je gida. Ni na wanke ƙafar, ni na ɗaure. Na ga zurfin ramin. Na san bai taɓa yin rigakafi ba. Maami ta ce a kai shi asibiti a ranar, na ce ba sai sun sha layi ba, zan kawo allurar gida ranar Talata in yi masa da kaina. Na karɓo ta Litinin na sa a firji. Talata masu duba makarantu suka zo, muka yini da su. Na ce Laraba. Laraba na kira, ya ce ƙafar ta daina zafi. Na ce to Asabar. Asabar ban ma tuna ba.

Na ajiye kwalin a kan tabarma. Na ce, "Ga ta. Ba wanda ya dasa komai. Ƙusar kafinta ce, daga katakon rumfa. Da an yi wannan a kan lokaci, da wuya ya kai haka."



Boda Niyi ya ɗauki kwalin ya juya shi. "Ranar da na tambaye ki me ya sa shi kaɗai, kin sani?"

Na ce e.

"Ranar get ma?"

Na ce e.

Ya ajiye. Ya je gaban Baba Lola ya kwanta rub da ciki, goshinsa a ƙasa, ya daɗe. Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Tashi, ɗan banza, ka ɓata riga. Da ina da asirin kwantar da ubanka ai da tun muna samari na yi, na huta da surutunsa." Wasu suka yi dariya.

Ni bai ce mini komai ba. Boda Niyi ma ya wuce ta gabana ya fita.

Laraba, 22 ga Mayu

Goma sha huɗu. Na gaishe shi a baranda, ya amsa wa bango.

Asabar, 25 ga Mayu, hantsi

Tara.

Mun raba lokaci ba tare da mun yi magana ba. In na shigo ya fita. In yana da tambaya sai ya ce wa Adunni, "Sista, ki tambayi malamarki." Adunni ta gaji ta ce, "Boda, ga ta nan a bayanka, ni ba gidan waya ba ce."

Na tambaye ta me ya sa ba ta ce komai ba tun ranar farko. Ta ce, "Ma, aikina a kan gado yake."

Na koma aji. Na ba mai tabarau amsar tambayarta, cikakkiya, har da yadda bayan mutum ke bankarewa. Ba wanda ya yi dariya a darasin.

Talata, 28 ga Mayu

Huɗu, kuma gajeru. Ba na so in yi murna. Na zauna, na tashi, na zauna.

Juma'a, 31 ga Mayu, la'asar

An yi ruwa ya fi awa ɗaya. Bai motsa ba. Barci yake yi.

Na fita baranda na yi kuka. Boda Niyi yana can ɗaya ƙarshen yana kallon ruwan. Bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Litinin, 3 ga Yuni, safe

Yatsa biyu sun shiga. An janye bargo ɗaya daga taga. Ya haɗiye koko cokali uku.

Ya rame. Dantsen hagu, wanda yake matse kalangu da shi, wanda muke lilo a jikinsa muna yara, ya zama kamar nawa. Tsoka ta yi wata guda tana aiki ba hutu, ta ci kanta.

Alhamis, 6 ga Yuni, azahar

An cire robar hanci. Yana magana, a hankali, kamar mai tauna dutse.

Na jira Maami ta fita. Na durƙusa a gefen gado na fara, "Baami, akwai abin da ya kamata ku sani."

Ya ɗaga yatsa. "Na sani. Ina jin ku. Kuna zaton duhu kurma ne?"

Na ce ku yafe mini.

Ya daɗe yana tattara baki. "Kin ce Talata. Ba ki zo ba. Na ji daɗi." Ya huta. "Tsoron allura nake ji. Da kika kira Laraba, ƙafar tana zogi. Na ce ta daina."

Na ɗago na dube shi.

"Naki daban, nawa daban. Kowa ya ɗauki nasa." Ya rufe ido. Na zaci ya yi barci, sai ya ce, "Amma na Lola, wannan naki ne ke kaɗai. Ki je."

Asabar, 8 ga Yuni, yamma

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ya bar ni a nan ya gama cin abincinsa tas, ya wanke hannu.

"Niyi ya zage ni don bai sani ba," ya ce. "Ke kin sani."

Na ce haka ne.

Ya ce ya ji. Bai ce ya yafe ba. Da zan tafi ya ce in gaya wa Ayanbode ya yi sauri ya warke, don makaɗan yanzu ba wanda ya iya zagi.

Talata, 11 ga Yuni

An sallame shi. Kwana talatin da biyar. Kafin mu fita Dokita Oyelaran ya ce a yi masa rigakafi, don wannan ciwo ba ya hana kansa dawowa. Baami ya ce, "Bayan duk wannan?" Adunni da Maami suka riƙe shi.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Baami ne ya ba da umarni daga kan kujerarsa: duk wanda ke kiɗa a ƙungiyarsa, yau da safe, a tsakar gida. Wanda bai zo ba ya nemi wani ubangida. Baba Lola ya ji labari ya turo nasa, shi ma ya zo. Adunni ta kawo akwatin sanyi daga ɗakin rigakafi, ta rubuta suna, ni ina yi.

Mutum goma sha tara. Ƙarti masu gemu, wani yana kiran uwarsa, wani ya ce ya tuna ya bar wuta a kunne. Baba Lola ya miƙa hannu yana kallon sama, ya ce wa Baami, "Dubi yadda maza ke yi, matsoraci." Baami ya yi dariya, ta gaske, har ya riƙe muƙamuƙi.

Boda Niyi ne na ƙarshe. Na zaci wajen Adunni zai je. Ya zo ya zauna a gabana, ya naɗe hannun riga, ya kau da kai. Kwana ashirin da biyar bai yi mini magana ba.

Na shafa auduga. Dantsen kamar dutse.

Na ce, "Boda, ku saki hannun. In kun ɗaure zai fi zafi."

Bai saki ba. Na jira. Kowa yana kallonmu.

"Na saki," ya ce wa bango.

"Ba ku saki ba."

Ya ja numfashi ya fitar, kafaɗar ta sauka kaɗan. Na soka, na zare, na danna auduga.

"Shi ke nan?"

Na ce saura biyu. Ta gaba bayan sati huɗu, zan kawo gida.

Sai ya juyo ya dube ni, karo na farko.

"A'a," ya ce. "Faɗa mini ranar. Ni zan zo in same ki."